CI GABAN MAI HAƘAR RIJIYA: Yadda A Ke Bin Sawun Ɓarna In Kwamfuta Ta Daina Karanta Faifai

Akwai wani irin ciwon kai da kan sami akawunan ofis da malaman makaranta masu aiki da kwamfuta, wanda ya kamata mu tsaya mu yi bayaninsa dalla-dalla. Jiya mutum ya sa faifai cikin kwamfuta, ta karanta lafiya lau. Kafin a tashi daga aiki ta nemi izinin ɗaukar sababbin gyare-gyare, aka ba ta. Yau da safe ya sa wannan faifan dai, cikin wannan injin dai, sai injin ya yi ta gurnani, fitilarsa na ƙyafta ido, daga bisani ya yi shiru kamar ba a sa masa kome ba. Wani lokaci ma kwamfutar sai ta nuna ba ta san akwai injin faifai a jikinta ba sam.

Abin da yawancin mutane su ke yi a nan shi ne su ɗora wa faifai laifi, su ce ya lalace, su jefar. Wasu kuwa su ce injin ne ya mutu, su rubuta takardar neman kuɗin sayen sabo. To, in faifan nan shi ke ɗauke da rajistar 'yan makaranta ta shekara goma, ko lissafin albashi, ko hotunan da babu wani kwafinsu a ko'ina, jefar da shi hasara ce wadda ba ta da mayarwa. Alhali kuwa sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, injin ma haka. Gyaran nan da aka ɗauka jiya shi ya zo da ɓarna. Masu aikin kwamfuta suna kiran wannan koma-baya, watau abin da ke aiki jiya ya daina aiki yau sabo da sabon canji. Bahaushe ya daɗe da yi masa suna: ci gaban mai haƙar rijiya.

Za mu ɗauki babbar manhajar nan da a ke kira Linux mu yi bayani da ita, domin ita ce aikinta ya ke a fili, kowa na iya duba abin da aka canza, da wanda ya canza, da ranar da ya canza.

Abin da ke kan faifai

Kamfanin Philips na ƙasar Holan da kamfanin Sony na Japan su suka haɗa kai suka fito da faifan CD, aka fara sayar da shi cikin 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, watau ƙasa da inci 5 kaɗan. Rubutun da ke kansa ƙananan ramuka ne jere a kan layi guda tak, wanda ya taso daga tsakiya ya yi ta kewaya har bakin faifan. Da za a miƙe layin nan, tsawonsa ya wuce kilomita 5, watau fiye da mil 3. Injin yana haska shi da siririn hasken lesa, hasken ya dawo, daga bambancin dawowarsa a ke gane abin da aka rubuta.

An yanyanka rubutun gida-gida. A faifan ajiyar bayanai kowane gida na ɗauke da bayit 2,352, amma 2,048 ne kaɗai na mai faifai. Sauran na alama ne da na gyaran kuskure, kamar yadda akawu mai hankali kan rubuta jimla a gindin shafi domin in lamba ɗaya ta goge a iya gano ta. Shi ya sa ƙaramin karce ba ya hana karatu. Faifan CD kan ɗauki megabayit 650 zuwa 700. Faifan DVD, wanda ya shigo kasuwa cikin 1996, yana ɗaukar gigabayit 4.7 a shimfiɗa guda, na Blu-ray kuwa, na 2006, gigabayit 25. Kowannensu da irin hasken da a ke karanta shi da shi. Sabo da haka inji guda yana iya gajiya da karanta DVD alhali yana karanta CD sosai, gama fitilun lesar daban-daban ne, ɗaya na iya raunana ta bar ɗaya. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cibiya da ma'aikatanta

A tsakiyar babbar manhaja akwai wani sashe wanda shi kaɗai ke magana da ƙarafunan kwamfuta. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa ƙwayar da ke cikin ɓawo, mu kuwa za mu kira shi cibiya. Linus Torvalds ne ya fara rubuta cibiyar Linux cikin 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Tun daga nan dubban mutane daga ƙasashe da yawa suka sa hannu cikinta.

In ka nemi a buɗe maka takarda daga faifai, buƙatarka ba ta zuwa wurin injin kai tsaye. Tana bin hannuwa, kamar yadda takardar koke kan bi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ta isa majalisa. Da fari akwai sashen da ya san tsarin jerin takardu a kan faifai, ko dai tsarin ISO 9660 na 1988, ko kuwa UDF wanda faya-fayan DVD su ke amfani da shi. Shi ke juya sunan takarda ya zama lambar gida. Daga nan sai tafintan injunan faifai, wanda a ke kira sr, shi ya sa injin farko ke bayyana da suna /dev/sr0. Tafintan nan yana rubuta umurninsa cikin harshen SCSI. Sa'an nan sai sashen da ke ɗaukar umurnin ya kai ta waya: in injin na cikin kwamfuta ne a kan wayar SATA, sashen libata ke kai shi, in kuwa na waje ne, sashen USB. A ƙarshe sai injin kansa, wanda shi ma yana da 'yar tasa manhajar a cikinsa wadda kamfanin da ya ƙera shi ya sa.

Amfanin sanin wannan jerin shi ne, ɓarna na iya faɗawa a kowane hannu, kuma kowane hannu da irin alamar da ya kan nuna. Wanda bai san jerin ba sai ya yi ta dukan jaki ya bar taiki.

Me ke kawo koma-baya

Kowane mako 9 ko 10 a kan fito da sabon bugu na cibiyar Linux. Makonni biyu na farko a kan buɗe ƙofa a karɓi sababbin ayyuka, sa'an nan a rufe, a shiga gwaji mako-mako har sau bakwai, wani lokaci takwas, kafin a ce ya nuna. Tsakanin bugu da bugu canje-canjen da ke shiga sun kan wuce 10,000. Ban da wannan kuma akwai reshen da Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa su ke kula da shi, inda a ke ɗebo wasu gyare-gyare daga sabon bugu a mayar da su cikin tsofaffin da jama'a ke amfani da su. Ta wannan hanya canji kan iso kwamfutar ofis ba tare da mai ita ya sauya babban bugu ba.

Babu wanda ya mallaki kowane irin inji da aka taɓa ƙerawa, balle ya gwada canjinsa a kansu duka. Injunan faifai kuwa sun fi shiga wannan hali, domin tun wajen shekarun 2010 masu ƙera kwamfutocin hannu suka fara barin sa su. Masu gwaji da yawa ba su da injin faifai a gabansu. Ɓarnar da ta shafi allo ko intanet a kan gano ta rana guda, amma wadda ta shafi faifai tana iya kwana wata da watanni, sai ranar da wani malami ya ɗauko tsohon faifai daga kabad.

Abin da zai ƙarfafa zuciyar mai karatu shi ne, Torvalds ya daɗe da kafa doka mai tsanani a kan wannan: abin da ke aiki ga mutane jiya ba a yarda sabon canji ya kashe shi ba. In an tabbatar canji ya yi ɓarna, ko a gyara shi da sauri ko a janye shi, ko da kuwa canjin yana da wani amfani. Watau wanda ya kawo ƙarar koma-baya ba roƙo ya ke yi ba, yana da doka a bayansa. Sai dai dokar ba ta aiki sai da shaida.

Tankaɗe kafin niƙa

Kafin a tuhumi cibiya, wajibi ne a wanke sauran waɗanda a ke zargi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar duka binciken guda ce: a canza abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji, a rubuta sakamako a takarda. Wanda ya canza faifai da waya da cibiya gaba ɗaya, ko da abin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Na farko, faifan. A kai shi wata kwamfuta a gwada. A kuma kawo wani faifai da aka san lafiyarsa a sa cikin injin da a ke zargi. In za a goge faifai, a sa ƙyalle mai laushi, a shafa daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye, gama karcen da ya bi layin rubutu ya fi ɓarna. A kuma sani cewa a faifan CD rubutun ya fi kusa da fuskar da a ke manna suna, sabo da haka karce a can ya fi na ƙasa muni. Faya-fayan da a ke rubutawa a ofis kuwa da rini a ke yinsu, rana da zafi na sa shi ya koɗe.

Na biyu, irin faifan. Faifan waƙa na CD ba shi da jerin takardu irin na faifan bayanai. In aka nemi a buɗe shi kamar na bayanai, cibiya za ta yi ta rubuta kuskuren karatu, alhali babu abin da ya lalace. Haka kuma faya-fayan fim na DVD da yawa an kulle su, an kuma raba duniya shiyya-shiyya, injin wata shiyya na iya ƙin faifan wata. Waɗannan ba koma-baya ba ne. In kuma injin yana karanta CD ya ƙi DVD duka, a tsohuwar cibiya da sabuwa, to fitilar lesar nan ce da muka ambata.

Na uku, waya da wuta. Injin waje wanda ke shan wuta daga ramin USB ya kan gaza juya faifai in wutar ta yi masa kaɗan. A sauya rami, a sauya waya.

Na huɗu, wanda shi ne babban gwaji: a tada kwamfutar da tsohuwar cibiya. Yawancin ire-iren Linux ba su share tsohuwa nan da nan in sabuwa ta zo. Fedora, alal misali, ta kan ajiye uku. A allon farko da ke fitowa in an kunna kwamfuta, wanda a ke kira GRUB, a kan iya zaɓar wadda a ke so. Bayan ta tashi a rubuta umurnin uname -r domin a tabbatar da lambar bugun da ke aiki. In faifan ya karantu da tsohuwa, ya ƙi da sabuwa, aka maimaita sau biyu ko uku abin bai sauya ba, to an kama bakin zaren. Faifai ɗaya ne, inji ɗaya, waya ɗaya, sauran manhajoji ɗaya, cibiya ce kaɗai ta bambanta.

A nan sai a yi abin da ya fi kome gaggawa tun kafin a ci gaba da bincike: a kwafe abin da ke kan faifan a ajiye wani wuri, tun da tsohuwar cibiya na karanta shi. In yana da wuraren da suka yi rauni, akwai manhajar GNU ddrescue, wadda kan fara kwashe gidaje masu lafiya, sa'an nan ta komo ta yi ta lallaɓa masu wuya. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Na biyar, a karanta littafin cibiya. Cibiya tana rubuta abin da ya same ta tun daga tashi, umurnin dmesg ke nuna shi. A ajiye na tsohuwa, a ajiye na sabuwa, a jera su a duba layukan da ke ambaton sr0 ko ata ko usb. In injin ya amsa da cewa kuskuren na jikin faifai ne, zargi ya koma kan faifan. In ya amsa cewa umurnin da aka aiko masa bai halatta ba, to wataƙila sabuwar cibiya ce ke tambayarsa abin da bai sani ba. In kuwa layukan na nuna waya tana yankewa, a na ta sake ɗaura ta, ko injin bai amsa ba har lokaci ya ƙure, matsalar tana sashen da ke kai saƙo, tun ba a kai ga faifai ba.

Tsaga biyu

Sanin cewa bugu kaza na aiki, bugu kaza ba ya yi, rabin aiki ne. Tsakaninsu akwai canji dubbai, ɗaya ne mai laifi. Yaya za a same shi?

A ɗauka akawu yana da littafin kuɗi mai shafi 1,000. Jimlar shafi na farko daidai ta ke, ta shafin ƙarshe ba daidai ba, kuma kuskure in ya shiga ya kan bi sauran shafuka har ƙarshe. Akawun da bai ƙware ba zai fara daga shafi na ɗaya ya yi ta bi. Gwani kuwa sai ya buɗe shafi na 500. In jimlar can daidai ce, ya san kuskuren na gaba, ya yar da rabin farko. Ya buɗe na 750, ya sake yar da rabi. Da buɗewa 10 kaɗai zai ɗora yatsa a kan shafin, domin 2 in an ninka ta cikin kanta sau 10 ta ba da 1,024. Malaman lissafi na iya gwada wannan da yara a aji, wasa ne mai daɗi, kuma darasi ne.

Haka a ke yi wa cibiya. Cikin 2005 Torvalds ya rubuta wata manhaja mai suna Git, wadda ke riƙe da tarihin kowane canji. A cikinta akwai umurnin git bisect. A kan gaya masa bugun da ke da lafiya da wanda ba shi da ita, shi kuwa ya zaɓo tsakiya. Mai bincike ya harhaɗa cibiya daga wannan matsayi, ya tada kwamfuta da ita, ya sa faifan, ya ga ko ya karantu. Sa'an nan ya gaya wa Git mai kyau ce ko maras kyau, shi kuma ya sake tsaga abin da ya rage. Ko da canje-canjen sun kai 16,000, gwaji 14 ya isa, gama 2 sau 14 ta ba da 16,384. A ƙarshe Git ya fito da canji guda, da lambarsa, da sunan wanda ya rubuta shi, da dalilin da ya bayar.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri ya ke so. Kowane zagaye na iya cin awa ɗaya ko fiye a tsohuwar kwamfuta, sabo da haka a sa ran kwana biyu ko uku. Akwai kuma ramuka uku da ya kamata a kiyaye. Ɗaya, a yi amfani da faifai guda da gwaji iri guda tun daga farko har ƙarshe. Biyu, in ɓarnar mai zuwa ce tana tafiya, kada a yi gaggawar cewa zagaye ya yi kyau, a maimaita, domin amsa ɗaya ta kuskure za ta kai mutum ga wanda ba shi da laifi. Uku, a yi gwajin da cibiya ta asali, wadda a ke samu a kernel.org, gama masu rarraba Linux irin su Ubuntu sun kan ƙara nasu faci, kuma masu cibiyar asali ba su iya amsa laifin abin da ba su rubuta ba.

Bayan Git ya nuna mai laifi, saura tabbatarwa. A ɗauki sabuwar cibiya, a cire wannan canji ɗaya kaɗai, a harhaɗa, a gwada. In faifan ya karantu, magana ta ƙare.

Abin da ya sami injunan Pioneer

Ga misali na gaske wanda ya nuna yadda abin ke kasancewa. Wayar SATA tana da dabarar tsimin wuta. In babu saƙon da ke wucewa, a kan bar ta ta yi gyangyaɗi, ko ta yi barci sosai. Daga gyangyaɗi ƙa'ida ta ce ta farka cikin kashi 10 na miliyan na daƙiƙa, daga barci kuwa cikin kashi 10 na dubu. Amfanin wannan shi ne batirin kwamfutar hannu ya daɗe.

Aka shigar da wani ɗan canji cikin cibiyar Linux wanda ya sa sunan wani allon sarrafa wayoyi na kamfanin AMD, na jerin da a ke kira Green Sardine, cikin waɗanda a ke yi wa tsimin wuta. Canjin 'yan layuka ne, kuma babu ko kalma ɗaya cikinsa da ta ambaci faifai. Daga baya aka ɗebe shi aka mayar cikin tsofaffin bugu da jama'a ke amfani da su. Sai ga wasu injunan Blu-ray na kamfanin Pioneer, waɗanda ke aiki lafiya kafin nan, sun daina aiki a kan irin wannan allon. Wani mai amfani da injin ya kai ƙara.

Cikin watan Satumba na 2022 Niklas Cassel, ɗaya daga masu aikin sashen libata, ya rubuta maganin. Bayanin da ya bayar abin lura ne. Ainihin laifin yana jikin injunan, domin ba su iya bin ƙa'idar tsimin wuta daidai ba. Sai dai shekara da shekaru laifin na ɓoye, tun da allunan da a ke yi wa tsimin a lokacin ba su kai kashi 15 cikin 100 na jerin ba, injuna da yawa ba su taɓa gamuwa da su ba. Ba a janye canjin farko ba, gama yana da amfani ga sauran jama'a. Abin da aka yi shi ne aka rubuta sunayen injuna biyu, BDR-207M da BDR-205, cikin jerin masu hali na daban, aka ce wa cibiya in ta gan su kada ta bar wayarsu ta yi barci. Gyaran ya shiga bugu na 6.0, wanda ya fito ranar 2 ga Oktoba 2022, aka kuma aika da shi zuwa tsofaffin bugu.

Darussa biyu ke nan. Mai laifi na iya kasancewa nesa da inda ciwo ya bayyana, sabo da haka zato ba ya maye gurbin gwaji. Kuma ko da asalin aibin na jikin inji ne, dokar nan ta tsaya: tun da yana aiki jiya, cibiya ce za ta kauce masa. Wanda ya ga alamun yankewar waya a littafin cibiya yana iya gwada wannan da kansa. Akwai wata takarda mai suna link_power_management_policy a ƙarƙashin /sys/class/scsi_host, in an rubuta max_performance cikinta an hana wayar barci. In kuma injin bai bayyana ba tun daga tashi, a kan ƙara ahci.mobile_lpm_policy=1 a layin tada kwamfuta cikin GRUB. In faifan ya karantu bayan haka, an san inda za a dosa.

Kai rahoto

Da yawa in sun koma tsohuwar cibiya abin ya gyaru sai su yi shiru. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Tsohuwar cibiya ba za ta dawwama ba, za a daina toshe mata kafofin da ɓarayin intanet ke bi, ran da dole ta sa a bar ta kuwa ɓarnar na nan tana jira. Sa'an nan duk mai irin injin nan a duniya yana cikin wannan halin, kowa na zaton wani ya kai ƙara.

Cikin takardun cibiya akwai jerin da a ke kira MAINTAINERS, wanda ya nuna wa ke kula da kowane sashe da inda za a aika masa. Tun 2021 kuma Thorsten Leemhuis, wani Bajamushe, ya kafa wata 'yar manhaja mai suna regzbot domin riƙe lissafin ƙararrakin koma-baya, kada wata ta ɓace a hanya. A kan rubuta rahoton da Ingilishi, kuma duk akawun da ya iya rubuta takardar ofis mai tsabta ya iya wannan. A faɗi sunan injin da lambarsa, da irin wayar da ya ke kai, da irin faifan. A faɗi bugu na ƙarshe da ya yi aiki da na farko da ya ƙi. A manna littafin cibiya na duka biyu yadda ya ke, ba tare da taƙaitawa ba. In an yi tsaga biyu, a ba da lambar canjin, a kuma faɗi ko cire shi ya gyara abin. A sa sunan wanda ya rubuta canjin cikin waɗanda a ke aika wa. Kada a sa zagi ko ƙorafi, mutumin bai yi da gangan ba, kuma shi ne wanda ya fi kowa iya gyarawa.

Bayan haka a zauna da shiri, domin galibi za a aiko da faci a ce a gwada, tun da mai ƙarar ne ke da injin. In ya yi aiki a amsa da sauri. A kan rubuta sunan mai rahoto da na mai gwaji a gindin gyaran, su zauna cikin tarihin cibiya.

Wanda ba shi da halin harhaɗa cibiya kada ya ce ba ruwansa. Gwajin tsohuwa da sabuwa, da kwafin littafin cibiya guda biyu, sun isa a kai wa masu rarraba Linux ɗin da ya ke amfani da shi, su kuma su ɗauka daga nan.

To, jama'a, shawararmu ga shugabannin ofisoshi da na makarantu ita ce, kada a bari a jefar da faifai ko a soke inji daga rajistar kaya sai an gwada su a wata kwamfuta da kuma tsohuwar cibiya. A riƙa rubuta ranar da kwamfuta ta ɗauki gyara da lambar bugun da ta koma, cikin ɗan littafi da a ke ajiyewa kusa da ita. Duk wani faifai mai muhimmiyar takarda kuma a kwafe shi wuri biyu tun yana karantuwa, a duba kwafin sau ɗaya kowace shekara.